Inna Ta Ce A'a

…a'a kuma. Karo na uku ke nan. A'a.

Jan layi ya sake hawa a fuskar kwamfuta, ya tsaya cak a kan casa'in da biyu cikin ɗari. Lambar da in a ɗakin bincike ta fito, Dakta Jidda takan miƙe ta tafa wa ɗalibanta. Yau kuwa tana zaune dirshan a kan tabarma a ɗakin uwarta a Gwandu, kwamfuta a cinya. Na'ura ba ta yi kure ba — ina za ta yi kure? Ita ta ƙera ta. Shekara goma sha biyu tana ƙera ta.

Ga Inna nan kwance. Hula mai wayoyi talatin da biyu a inda kallabi ya saba zama… da tana iya ɗaga hannu, da tuni ta tuɓe ta ta yi jifa da ita tsakar gida. Sati uku ke nan da jini ya toshe mata a gindin ƙwaƙwalwa. Tana ji, tana ganewa, komai nata yana nan a ciki, amma ko yatsa — ko fatar ido ma ta daina jin maganarta. Kunun da ake ɗura mata da cokali, rabi ciki yake zuwa, rabi huhu. Ji yadda ƙirjin ke ƙara. Likita ya faɗa jiya ba kwana-kwana: a kawo ta Birnin Kebbi yau, gobe da safe a huda cikinta a sa bututun abinci. In an wuce haka, ya ce, to sai abin da Allah ya yi. Likita in ya ce sai abin da Allah ya yi, ai an san me yake nufi.

Rilwanu, ƙanenta, yana ƙofar gida da mota, tun hantsi ya kwantar da kujerar baya ya shimfiɗa bargo. Shi ya ce a tafi. Dattawan gida suka ce a bar baiwar Allah ta cika a ɗakinta. Aka yi ta ja, aka yi ta ja… wa ya raba gardamar? Ita. Ita da bakinta. A tambaye ta, ta ce musu, abin da Inna ta zaɓa shi za a yi. Da muryar da take magana a manyan zaurukan taro ta faɗa, har da gyara tabarau. Kowa ya yi na'am, don wa zai ja da Dakta a kan aikinta?

Ta tambaya. Inna ta ce a'a.

To ki tashi mana. Tashi ki ɗaga labule ki ce Inna ta ce a bar ta, Rilwanu ya naɗe bargonsa, dattawa su ce dama mun faɗa. Me ya riƙe ki? Tsoro take ji. Tsoro ƙwarai, irin mai sa baki ɗaci, kuma ba ta ma san na mene ne ba tukuna.

Abin ba tsafi ba ne, ta gaji da faɗa wa mutane. In mutum ya riya a ransa yana motsa hannu, wani sashe na ƙwaƙwalwarsa ke tashi. In ƙafa ya riya, wani sashen daban. Hula ta jiyo, kwamfuta ta bambanta, shi ke nan. Can inda ta yi karatu cewa suke majinyaci ya riya yana buga ƙwallon tanis. Inna da ƙwallon tanis! Ita ta zo ta ce a'a, ku bar mutum ya riya aikin da hannunsa ya sani tun yana yaro. Makiyayi ya yi tatsa, mace ta dama fura. In amsarki e ce, Inna, dama fura da ludayi, koren layi zai hau. In a'a ce, ɗauki guga ki taka zuwa rijiya, ja zai hau. Da safe ta gwada ta da tambayoyi ashirin waɗanda aka san amsarsu — a Gwandu kike? kore. Kin taɓa shiga jirgin sama? ja. Nono fari ne? kore, har da sauri, kamar tana cewa wannan wace irin tambayar banza ce. Ɗaya kacal ta kuskure. Inna tana nan. Tana nan sarai, tana jin kowa.

Da wannan Jidda ta yi suna. Takarda guda, shafi goma sha ɗaya. Masana sun kafa hujja da ita sau dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha shida — ta duba yau da safe, a bakin gadon nan ta duba, Allah ya shirye ta, an sami ƙarin biyu daga jiya. Tsarin Jidda, haka suke ce masa. Asibitoci talatin da bakwai a ƙasashe goma sha huɗu. Babi sukutum a littafin da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa. Wani farfesa mai farin gemu ya tsaya a bainar jama'a ya ce ta mayar wa marasa baki bakinsu, ita kuwa ta sunkuyar da kai wai kunya, alhali daɗi kamar ya kashe ta.

Ɗari da goma sha takwas. Ɗan abin da ke matse a yatsan Inna ke nan, mai ƙirga bugun zuciya. Ɗari da goma sha takwas, ga zufa tana gangarowa ta ƙarƙashin hula tana shiga kunne… Kafin babbar tambaya ta yi ƙananan, yadda tsari ya ce. Kina jin ciwo? A'a. Kina jin ƙishirwa? A'a — leɓɓan nan da suka tsattsage kamar fadama da bazara, a'a. Kina so a juya ki? A'a. Mai zuciya na gudu haka ba ya jin ciwo? Wane littafi ya ce haka? A'a, a'a, a'a, ko gargada babu, ta yi ta zuwa rijiya tana dawowa…

Tukunyar kunu ta taɓa kifewa a ƙafar Inna, fata ta saɓule har idon sawu. Shekarar Jidda tara, tana tsaye da itace a hannu. Inna, da zafi? Inna ta kau da kai, ta ce wa bango: ba komai, wuce ki ba awaki ruwa. Ta wuce. Tana cikin zuba ruwan ta jiyo ta bayan rumbu — wayyo Jummai ƙafata, wayyo na mutu na lalace — Goggo Jummai kuma, taubashiyar Inna, abokiyar wasanta tun suna goye, tana shafa mata magani tana dariya tana ce mata raguwa.

'Yar fari. Ita ce 'yar fari, a gidan Fulani kuma. Uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta cin abinci tana kallo — balle ta ce mata ina jin ciwo, balle ta ce mata ina so. Shekara arba'in da ɗaya: ke, waccan, yayar su Rilwanu. Ba ƙi ba ne. Kowa ya san ba ƙi ba ne, ita ma ta sani… daga baya dai ta sani, bayan ta sha kuka a bayan ɗaki. Tun tana ƙarama ta iya dabarar. In kin kawo wa Inna abu, ba a miƙa mata. Kika miƙa, ta ce na ƙoshi. Sai ki ajiye kwanon a bayan ƙofa, ki ja takalmi da ƙarfi don ta ji kin fita, ki shiga maƙwabta ki daɗe. In kin dawo kin tarar da kwano a wanke, kada ki ce uffan. Ko bara da ta kawo mata gasasshiyar kaza daga birni haka ta yi, da digirinta uku, ta je ta zauna gidan su Goggo tana duba agogo.

Muryar wa ke cikin abin kunnen nan da ke karanta wa Inna tambayoyi?

Muryar wa, Jidda?

Ta sani tun kafin ta duba. Jiya ta zauna a zaure ta naɗi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, tana lanƙwasa murya don ta yi taushi. Kina so in kai ki asibiti? In kai ki… ni. Ni in ɗauke ki, ni in tsaya a kanki ana yaye miki zane, ni in ga cikin da na fito. Ta miƙa wa Inna kwano hannu da hannu, ta tsaya a gabanta ƙiƙam tana jira ta ci, sa'an nan ta koma tana mamakin an ce na ƙoshi. Na'urar ba ta karanta abin da mutum ke so — abin da ya zaɓi ya faɗa take karantawa. Da hannunta ta rubuta haka a shafi na biyu, kuma a matsayin abin yabo ta rubuta shi.

To amma in da gaske take fa?

Tsaya. Tsaya, kada ki yi gaggawa, kin cika saurin yarda da kanki, shi ya kawo ki nan. Shekara takwas da suka wuce Baffa, mahaifinta, ya cika a asibiti, roba a hanci, roba a hannu, roba a inda ba a faɗa. A hanyar dawowa Inna tana kujerar baya, ta juya ta ce wa gilashin mota: kada wanda ya yi mini haka. Jidda na tuƙi, ta ji da kunnenta. To? In a'ar gaske ce, ta sa aka huda cikin uwarta tana ji tana gani ba ta da bakin hanawa — shekara nawa za ta yi a haka tana kallon rufi, tana tsine wa wanda ya yi mata a ranta? In kuwa a'ar kunya ce, ta bar ta, to kunu ne zai kashe ta, cokali bayan cokali, da hannunsu, tana ciki tana jira wani ya ja takalmi ya fita… Ja ɗaya ne a kwamfutar. Ba ta ƙera ja biyu ba.

"Adda," muryar Rilwanu daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. "Mi tac ce? Hadari ya taso ta wajen Dodoru hwa."

Ta ɗaga masa hannu, kamar yana ganin ta. Ya ɗan tsaya, ya tafi. Yaron nan — yaro, mai 'ya'ya huɗu — shi Inna ke kira da sunansa har da tsawaita shi, shi take ce wa bayana na ciwo, zo ka taka min. Me ya hana Jidda ta ba shi ya naɗi tambayoyin? Don ita ce Dakta. Don tana so, sau ɗaya a duniya, ta tambayi uwarta abu uwar ta amsa mata, ita, ba bango ba. In ruwan nan ya sauka kwarin hanyar Kambaza zai cika, mota ba za ta wuce ba sai gobe, gobe kuwa an riga an…

Anas.

Daga ina sunan nan ya fito? Ba ta kira shi ba. Anas, malamin firamare, mai farar riga da alƙalami biyu a aljihu, yana zaune a gindin darbejiya a Wurogauri ta ƙasar Kalgo, ya riƙe wayarta kusa da baki yana karanta tambayoyi da Fillanci, a hankali, a hankali. Shekara shida ke nan. A'a, kada ki bi ta nan. Kada —

Malam Hamidu. Majinyaci na ɗaya, haka ta kira shi a takardar. Makiyayi, manomi, dogo kamar kara, ciwon jijiya ya ci shi daga ƙafa har ya kai wuya. Mutumin ƙauye na farko a duniya da ya yi magana ta hula, hotonsa ya je inda shi bai taɓa jin sunansa ba. Tatsa in e, kora shanu mashaya in a'a. Kashi casa'in da biyar, ko a can ƙasar sanyi ba ta taɓa samun kai mai tsabta irin nasa ba. Ya fi sakewa da Fillanci, nata Fillancin kuwa na 'yan boko ne, gaisuwa da sayen nono. Ana neman mai murya garau wanda ya iya karatu. Ga Anas. Mijin 'yarsa ne ma, ɗan gida — har murna ta yi. Har ta mai da shi ƙa'ida, mataki na huɗu: a yi amfani da muryar makusanci, wadda majinyaci ya saba da ita.

Suruki. Surukinsa ne.

Ta ga yadda Anas ke tuɓe takalmi tun daga bakin shinge. Ta ga bai taɓa ɗaga ido ya dubi gadon ba, bai taɓa shan ko ruwa a gidan ba. Ta gani da idonta, ta ce a ranta kai, yaron nan akwai ladabi, ta ci gaba da warware waya. Bafulatanin da zai wuni da yunwa ya gwammace ya faɗi da ya tauna goro a gaban surukinsa — shi ta sa wa muryar surukin a cikin kunne, kwana arba'in da ɗaya. Kana jin ciwo? A'a. Kana jin yunwa? A'a. Da ciwo ya kai shi asibiti, sai babbar tambaya: kana so a bar ka a asibiti a ci gaba da ciyar da kai ta bututu, Anas ya riƙa kwana a gabanka yana juya ka? Ya kora shanu. Sau biyar aka maimaita, sau biyar ya kora shanu mashaya. Aka mai da shi gida a bayan a-kori-kura, kwana tara ya yi. Shafi na bakwai, ta haddace shi kamar Fatiha: majinyacin ya yanke wa kansa hukunci cikin natsuwa, bai kuma taɓa kukan ciwo ba ko sau ɗaya. A kan wannan layin aka fi kafa hujja. Wannan layin ake sa wa a allo da manyan baƙaƙe.

Matar Malam Hamidu… tsohuwar nan mai tsaga a gefen baki. Ranar farko ta biyo ta har bakin mota, ta durƙusa.

"Dakta. Anas za shi tambaye shi?"

E, ta ce mata, ai ya fi, ya saba da muryarsa. Matar ta dubi ƙasa, ta ce to. Ta ce to, ta miƙe, ta koma ciki. Ita ma ai ba za ta yi wa baƙuwa mai ilmi gardama ba. Kunya a kan kunya a kan kunya, ita kuwa Jidda ta bi ta tsakiyarsu da akwatin wayoyinta tana sauri kada batir ya mutu. 'Yar Gwandu! Da wata baturiya ce ta yi haka sai a ce ba ta sani ba. Ita fa a bayan ƙofa ta koyi ciyar da uwarta.

Wataƙila Malam Hamidu da gaske yake. Ai zai yiwu, ko? Tsoho ne, ya gaji, yana son ya ji kukan shanunsa. Zai yiwu ƙwarai… Ba wanda zai sani, yana ƙarƙashin ƙasa shekara shida, gero ya tsiro a kusa da shi an girbe sau shida. Ba wanda zai sani in dai ba —

Asibitoci talatin da bakwai. Yanzu haka, a wannan azahar ɗin, wani yana warware waya a wani ɗaki yana bin mataki na huɗu. Tsohon ɗalibinta da ke Nijar ya rubuto mata wancan watan, yana ta zumuɗi: majinyatan nan namu akwai haƙuri, Dakta, kusan duk cewa suke ba sa jin ciwo, kusan duk gida suke zaɓa. Ta amsa masa da cewa abin sha'awa ne, ya tattara alƙaluman su rubuta tare. Su rubuta tare! Mali fa? Senegal fa? Har can gabashin duniya an ce suna da tasu irin kunyar, tsoho ba ya ɗora wa ɗa nauyi. Nawa ne? Mutum nawa ne suka ce na ƙoshi aka ɗauke kwanon? Ta yi ta alfahari da dubu ɗaya da ɗari uku, ba ta taɓa tambayar kanta ba ko a bayan kowace lamba akwai gado.

Layukan fuskar kwamfuta sun fara kwanciya. Inna ta gaji — awa ɗaya ce iyakar abin da kai mai ciwo ke iya ɗauka, ita ta auna, ita ta wallafa. Tambaya ɗaya ta rage, da ƙyar. Daga ita sai barci, sai gobe, gobe kuma babu.

Rilwanu? A'a, shi yana son a tafi, Inna za ta ji a muryarsa, ta ce e don kada ɗan lelenta ya yi kuka. Sai wadda ba a jin kunyarta, ba a kuma tausayinta…

Goggo Jummai tana rumfar tsakar gida tana tsinkar zogale, tun sati uku ba ta koma gidanta ba. Jidda ta yafito ta, ta raɗa mata abin da za ta ce — tambaya ɗaya, Goggo, mai amsar e ko a'a, kada ki ƙara gishiri. Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, kallon sai yanzu kika tuna?, ta goge hannu a zane. Jidda ta zare abin kunnen daga kunnen Inna. Ta ɗauki kwamfutar, wayar kamu shida ce, iyakarta bayan labule. Ta sa takalmi. Ta ja shi da ƙarfi a kan daɓe, ta yi taku takwas, goma, har wajen randa, sa'an nan ta tuɓe shi ta dawo da sanɗa ta tsuguna a jikin bango. Iska ta fara kaɗa ganyen dogon yaro, Rilwanu yana tsaye bakin zaure da makulli a hannu, fuskarta yake karantawa.

"Ke raguwa! Kin kwanta kin bar mutane da aiki." Gado ya yi ƙara, Goggo ta zauna ke nan. "Ni ta, Jummai. Ɗiyar taki ta hita, daga ni sai ke. Gaya min tsakaninki da Allah — kina son a kai ki a sa miki abin ga? In kina so, dama min hura. In ba ki so, tai rijiya, ba mai ganin laihinki."

Jidda ta danna. Daƙiƙa ashirin na'urar ke saurare kafin ta yanke.

Ashirin. Layi biyu kwance, ba wanda ya motsa. Sha takwas… ja ya ɗan ɗaga kai, ya koma. Kore ya yi rawa. In kore ya hau, Rilwanu ya tada mota, a riga ruwa, Inna ta rayu — in kore ya hau, to a'ar ɗazu ta kunya ce, casa'in da biyu ɗin nan duk na kunya ne, to Malam Hamidu bai zaɓi komai ba, yunwa ta kashe shi a gaban mutanen da ke son sa, da sa hannunta. Sai ta rubuta wa mujallar. Sai ta rubuta wa talatin da bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sai ta je Wurogauri ta durƙusa a gaban tsohuwar nan, ta dubi Anas… Sha uku. In ja ya hau kuwa — in Inna ta gaya wa taubashiyarta abin da ta gaya wa 'yarta, to a'a a'a ce, na'ura ta yi gaskiya, Hamidu ya zaɓa, mataki na huɗu yana nan daram, babu abin da za a janye, babu wanda za a —

Leɓɓanta na motsi. Tun yaushe? Addu'a take yi, ashe, ƙasa-ƙasa, ya Allah, ya Allah… ya Allah me? Ta saurari kanta.

Idonta a kan ja yake.

Numfashi ɗaya ne. Wallahi numfashi ɗaya ne kawai, bai kai biyu ba, ta dawo da idon, ta kafe shi a kan kore, kore, Allah kore, Inna dama, don Allah dama — amma ta riga ta ji. Ba wanda ya ji sai ita. Uwarta na kwance kamu shida daga nan tana kokawa da numfashi, ita kuwa ta tsuguna a bayan bango ta yi mata fatan…

Da za a ɗora mata hular nan yanzu, a tambaye ta, kina son Inna ta rayu? Kore zai hau har ƙarshen allo. Kowa zai gani ya yarda. Rilwanu zai yarda, farfesa mai farin gemu zai yarda, a rubuta.

Bakwai. Shida. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin, ba ta da ƙarfin sharewa. Wani layi ya fara hawa a ƙarƙashin ruwan, a hankali, ba ta ga launinsa ba tukuna. Ta jingina kai da bango. Ta gaji… wace irin 'ya ce ke tsoron duka biyun?